Ranar da Na Kai Surukata Gidan Wankan Turkawa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a shekarun da na yi ina aiki a wani asibiti a gefen Washington babu irin jikin ɗan Adam da ban gani ba. Na wanke tsofaffin Turawa suna zagina ina wanke su. Na juya ƙattai a kan gado. Na sa wa manyan mutane masu ofis a cikin birni robar fitsari, suna kallon silin kamar ba su ake yi wa ba. Idan na ce wa mutum ya tuɓe, tuɓewa yake yi ko shi wane ne. Amma akwai mace guda da muke kwana gida ɗaya a Springfield, wadda nake tuƙa wa tuwo, ban isa in ce mata ta naɗe hannun rigarta ba. Ita ce uwar mijina.

Hajiya ta zo mana daga Zariya lokacin da na haifi autata, da niyyar ta yi wata uku ta koma. Wata ukun nan har auta ta shiga makaranta bai cika ba. Muka gyara mata ɗakin ƙasa, ta shimfiɗa dardumarta, ta jera kwalaben turarenta a bakin taga, ta zauna tana mulkin gidan ba tare da ta taɓa ɗaga murya ba. Lafiya lau muke zaune, kada wani ya ce na ce. Sai dai irin zaman da aka koya mana ne a gida: in durƙusa da safe in gaishe ta ina kallon kafet, ta amsa tana kallon bango. Ba ta cin abinci in ina wurin, ni ma ba na ci in tana wurin, saboda haka ga babban teburin cin abinci mun saya amma kowa a ɓoye yake ci kamar yaro mai satar shan ruwa da azumi. Ko da na haihu, ruwan wankan jego ta dafa ta ajiye min a ƙofar banɗaki, ta yi gyaran murya, ta koma ƙasa.

Mijina kuwa ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, "wannan mutumin" take cewa, kuma in tana da magana da shi sai ta jira ya shigo kicin ta faɗa wa firji.

"Ai da za a duba famfon ƙasa da an kyauta."

Shi kuma, injiniya guda da furfurarsa, sai ya amsa wa firjin, "To, Hajiya."

Wata shekara da zafi ya shigo na fara lura da wasu abubuwa. In ta yi kabbarar sallah hannun dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. Auta ta zo za ta jingina da ita ta hagu, ta yi wuf ta mai da ita dama. Ta koma zama da hijabi har a cikin ɗakinta, ga warin man zafi da man habbatus sauda yana hawo mana ta matakala. Ana cikin haka wata safiya ta sanar da firji cewa tana son komawa gida, kuma tikitin tafiya kawai za a yanka, ban da na dawowa.

Aikina ke nan. Na san abin da mace take ɓoyewa a wannan wurin, na kuma san abin da wata shida kan yi masa in an bar shi. Zuciyata ta ba ni ƙari ne a mamanta. Na kuma san in ta sa ƙafa a Zariya an gama, za ta shige ɗaki a jiƙa mata saiwoyi, kowa ya ce mata sannu, ba wanda zai ji komai sai abin ya fashe. Tsoro ya kama ni ƙwarai, har ina kuskuren hanya in na taso daga aiki.

Na gaya wa maigidan abin da nake zargi. Ya sauka ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofarta, ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Ta ce wa bango, "Lafiya lau." Ya hawo ya kawo min rahoto da fuskar wanda ya gama cikakken bincike. Na ce a kai ta wurin likita, ta ce likita na marasa lafiya ne. Na yi ta zagaye da magana, in kawo labarin wata mata da muka yi jinya, in kawo na wata, tana jan carbi tana cewa Allah ya ba su lafiya. Abin da ya rage shi ne in ce mata kai tsaye, Hajiya, ɗaga in gani. Bakina ya ƙi. Wanda bai girma a inda muka girma ba zai ce wauta ce, kuma ba zan yi masa musu ba.

Maganar zuwa Turkiyya maigidan ne ya kawo ta, kuma ba don wannan ba. Shekara da shekaru jirgin da muke bi zuwa gida a Istanbul yake yada zango, amma abin da muka sani na ƙasar bai wuce masallacin filin jirgi da banɗakinsa ba. Ba mu taɓa zuwa hutu ba. Hutunmu shi ne mu je gida mu bi gidajen da aka yi rasuwa muna gaisuwa, mu dawo a gajiye mu koma aiki mu huta. Sai ya ce tun da Hajiya za ta tafi, mu raka ta rabin hanya, mu yi mako guda a Antalya a bakin Bahar Rum, daga nan ita ta wuce Abuja inda ƙaninsa zai tare ta, mu kuma mu juyo. Yara muka kai su wurin ƙanwata a Silver Spring. Mutanenmu da suka ji labari suka yi ta tambaya, to me za ku saro? Muka ce ba komai, hutu ne. Suka yi ta kallonmu kamar mun ce za mu bar addini.

Wata abokiyar aikina, 'yar Jos, ita ta ba ni dabarar ba tare da ta sani ba. Ta taɓa zuwa, kuma muna cin abincin rana take ba ni labarin gidan wankansu na gargajiya, hamam suke ce masa. Mata zalla, a shiga ɗakin tururi, a kwanta a kan dutse, wata ta zo ta cuɗa ki tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ce da kaya? Ta yi dariya har ta ƙware. Nan take na ga hanyata. Zan kai Hajiya, wata ta tuɓe min ita, ni kuma ina gefe cikin abayata a matsayin tafinta, in kalla da idon aiki in ga abin da zan gani. Na yaba wa kaina basira duk tsawon hanyar gida.

Hajiya ta shiga Turkiyya da tsammanin za ta ga mutanen da take gani a fina-finansu da ake fassarawa da Hausa, masu takubba da rawani. Wanda ya ɗauke mu daga filin jirgi wani siririn mutum ne mai gajeren wando, da sigari a bayan kunne. Amma da ya ga tsohuwa sai ya kama hannunta ya sumbata ya ɗora a goshinsa, haka suke gaida manya. Hajiya ta fizge hannun tana salati, ta goge shi a hijabi, kuma da muka isa otal ta sake alwala.

Karin kumallonsu ya ba ta haushi. Aka cika tebur da ƙananan kwanuka, tumatir ɗanye, kokwamba, cuku kala-kala, zuma, burodi mai riɗi a jiki, ta duba ta ce yaushe za a kawo abincin. Na nuna mata zaitun. Ta gyara zama, ta yi bisimilla da ladabi, don abu ne da ta daɗe tana karantawa a Alƙur'ani ba ta taɓa gani a ɗanyensa ba. Ta tauna, fuskarta ta tattare, ta haɗiye da ƙyar, ta ce, "Allah shi ya san hikimarsa." Shayinsu kuma ruwan bunu ne a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, babu madara, kuma da kin shanye sai a sake cikawa. Hajiya ba ta iya barin abin da mai gida ya ba ta, su kuma ba sa iya ganin kofi babu komai, saboda haka aka yi ta fafatawa tsakaninta da mai hidimar har sai da maigidan ya ce mu tashi. Abin da ya burge ta guda biyu ne: nononsu mai gishiri, da ta ce da za a samu fura da an yi zance, da kuma kyanwoyin garin, masu kwanciya a kan kujerun mutane da ƙofar masallaci ba mai ce musu kyas.

A bakin teku kuwa ta zauna a ƙarƙashin laima da hijabinta har ƙasa, Turawa suna wucewa da abin da bai kai hankici ba. Tana ta istigfari, amma ban ga ta kau da kai ko sau ɗaya ba. Wani tsoho mai tumbi ya wuce jikinsa ya yi jawur da rana, ta ce wa laimar, "Wannan ai ya gasu, a juya shi." Maigidan ya yi kamar bai ji ba, kafaɗunsa suna rawa. Na yi dariya ni ma, sai na ga ta miƙa hannun hagu za ta ɗauki carbinta, ta dakata, ta canza hannu. Kwanakin suna tafiya, jirgin Abuja yana matsowa, ni kuma ban ga komai ba tukuna.

Da na kawo mata maganar hamam, cewa na yi sirace ne na gwiwa, mata zalla, kuma al'adar Musulmin ƙasar ce tun kakanni. Na shirya hujjoji kala-kala. Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "To, mu je." Ya kamata saurin amincewar nan ya sa in yi tunani, amma murna ta hana ni.

Gidan wankan tsohon gini ne na dutse a cikin tsohon gari, a wani lungu mai ƙamshin sabulu. Muka je da hantsi. Wadda ta karɓe mu wata dirkekiyar mata ce, damtsenta ya kai cinyata, daga ita sai ɗan kamfai baƙi da tawul a wuya. Ta zuba mana turaren lemun tsami a tafin hannu, ta miƙa wa kowaccenmu wani ɗan ƙyalle mai zane-zane wanda ko goyo ba zai yi ba, ta nuna mana wurin tuɓewa. Na mayar mata da nawa, na yi mata bayani da Turanci cewa ni rakiya na yi. Ta sake miƙo min. Na sake bayani a hankali, ina nuna abayata, ina nuna kujera. Ta nuna ƙyallen, ta nuna ƙofar ciki, sannan ta nuna abayar, ta nuna titi. Ba ta jin Turanci, amma ban taɓa jin bayani mai fita haka ba.

Na tsaya da ƙyalle a hannu. In na fita, Hajiya za ta shiga ita kaɗai, in tashi a banza. In na shiga, uwar mijina za ta ga abin da ko madubi ba na son ya daɗe yana gani. Duk dabarar da na ƙulla, ban taɓa lissafa cewa ni ma ina da jiki ba.

Hajiya ta ce, tana kallon maratayin kaya, "To, malamar asibiti, ai ke kika kawo mu."

Muka juya wa juna baya muka tuɓe. Na ɗaura ƙyallen, in na ja shi sama ƙasa ta fito, in na ja ƙasa sama ta fito. Sai da na juyo na tuna da jigidar da na ɗaura don tafiyar, layi uku, ja da ruwan gwal, tana zaune daram a kan tabon tiyatar haihuwa. Hajiya ta kalle ta, ta kau da kai, ta ce, "Ashe dai hutun na gaske ne." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ciki kuwa wuri ne mai kyau, ko a halin da nake sai da na gani. Rufin zagaye ne mai ƙananan kafofi, rana tana saukowa ta cikinsu a kan tururi. A tsakiya wani faffaɗan dutsen marmara mai ɗumi, a gefe famfuna suna zuba a kwatarniyoyin dutse. Wasu mata biyu 'yan gari suna can kusurwa suna hira suna kwara wa juna ruwa da tasa, ko a jikinsu. Aka kwantar da mu a kan dutsen, kai da kai, muka yi ta gumi. Hajiya ta naɗe ƙyallenta har hammata, ta danne shi da hannun hagu.

Ni aka fara yi wa. Wata ta sa safar hannu mai kaushi ta dirje ni kamar tana wanke tukunyar biki, dauɗa tana murɗewa tana faɗowa, kuma ba ta bar ni da kunyata ba, sai da ta tattaro ta a tafin hannu ta nuna min da alfahari. Dirkekiyar kuma ta kama Hajiya. Ta fara da ƙafa, ta hau baya, ita ma ta nuna mata nata rabon. Na ji Hajiya tana cewa, "Ƙarya kike, wannan ba daga jikina ya fito ba, ni da nake wanka kullum." Matar ta yi dariya kamar ta ji, ta juyar da Hajiya rigingine, ta ɗaga hannun dama ta cuɗa. Sannan ta kama na hagu ta ɗaga.

Hajiya ta yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba. Ƙyallen ya zame.

Ko daga inda nake kwance na gani. Fatar wurin ta lotsa ciki, ta yi ƙananan ramuka, kan maman ya ja baya. Matar ta tsaya cak. Ta cire safar, ta ɗora tafin hannunta a wurin a hankali, ta ɗago ta dube ni. Ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa da yarensu, ta taɓa kafaɗar abokiyar aikinta, suka fice. Matan kusurwa ma suka tattara tasoshinsu. Aka bar mu mu biyu da ƙarar ruwa.

Hajiya ba ta ja ƙyallen ba. Tana kallon rufi ta ce, "Kin gani ko? To kin huta. Sirace na gwiwa. Kin ɗauka jiya aka haife ni."

Na ce, "Kin sani kika biyo ni?"

"Na gaji da yadda kike bin hannuna da ido kamar kyanwa da kifi. Na ce gara ki gani a nan, inda ba wanda ya san mu."

Na matso na durƙusa a gefenta. Na ce, "Hajiya, zan taɓa." Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Hannuna duk sabulu na ɗora. Shekarun nan duka ban taɓa taɓa jikinta ba sai a musabaha ranar sallah. Abin yana nan, mai tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa. Na laluba hammata, na ji wani ƙarami. Na tambaye ta tun yaushe.

"Tun kafin azumin bara."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da ita ba. Na ce, "Tun kafin azumin bara, kina gida ɗaya da nas? Kullum ina fita in je in duba iyayen wasu, tawa tana ƙasa tana shafa man zafi?"

Ta ce, "Wa zan gaya wa? Ke, ko wannan mutumin?"

Gaskiya ta faɗa. Da ta zo za ta gaya min, ina jin da ni ce zan fara neman hanyar gudu.

Ta ci gaba, muryarta ba ta rawa. Ta ce ta san abin da ake yi a can Washington. Za su yanke ta, su ba ta maganin da ke zubar da gashi, in kuma ta mutu su sa ta a firji kwana da kwanaki ana neman takardu, sannan a binne ta a cikin sanyi kusa da mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba. Ta ce ita tana son ta mutu a ɗakinta, a yi mata sallah kafin la'asar, a kai ta inda aka kai mahaifin 'ya'yanta.

Na gaya mata gaskiya, don na ga ba wurin lallashi ba ne. Na ce ban san iyakar abin ba sai an gwada. Na ce abin da hannuna ya ji ba mai daɗi ba ne, amma na ga matan da suka zo da wanda ya fi wannan, suna nan suna zuwa bikin jikokinsu. Na ce abin da ba mu da shi shi ne lokacin da za a ɓata. Sannan na yi mata alkawari: ta dawo tare da mu a duba, a yi abin da za a iya, ranar da likitoci suka ce sun kai iyakarsu ni da kaina zan ɗauki hutu in kai ta Zariya da ranta, in shigar da ita ɗakinta. Na rantse mata. Ina magana hawaye yana haɗuwa da gumi, ban ma san wanne nake sharewa ba.

Sannan ta ce, "Kada ki gaya masa."

Na ce, "Zan gaya masa. Na ba ki daga nan zuwa Istanbul ki zaɓi yadda za a faɗa, amma ba za ki hau jirgin Abuja bai sani ba."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Ashe ba ki da kunya."

Na dubi kaina, na dube ta. Ƙyallena ya daɗe da komawa ƙugu, jigida a waje, kumfa a kunne. Na ce, "Hajiya, wacce ta rage?"

Ta so ta ɓata rai, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata, ta dafe wurin tana cewa in bari, yana mata zafi.

Dirkekiyar ta dawo ta ƙarasa wankan, amma ba da hannun ɗazu ba. Ta lulluɓe Hajiya da kumfa, ta zaunar da ita a bakin famfo ta wanke mata kai tana tare mata ido da tafin hannu. Da muka fito ta naɗe ta da tawul, ta kawo shayi, ta kama hannunta ta riƙe tana ta maganganu, Hajiya tana amsa mata da "Amin, amin" duk da ba ta san me ake cewa ba.

Sauran kwanakin Hajiya ba ta sake ce min komai ba. Ta koma gaida bango. Maigidan ya kai mu kallon wasu tsofaffin gine-ginen Rumawa, yana karanta mana tarihi daga waya cikin rana, yana jin daɗin hutunsa, har yana cewa wankan ya karɓi Hajiya, ta yi haske. Ni kuwa abinci ya daina shiga. Ban san abin da ta yanke ba, kuma na fara tunanin ko na ɓata ɗan zaman lafiyar da muke da shi a banza.

A filin jirgin Istanbul akwai inda hanya take rabuwa, allo yana nuna ƙofar masu zuwa Abuja ta wannan ɓangaren, ta masu zuwa Washington ta wancan. Maigidan ya fara jera mata bayani, ga fasfo, ga maganin hawan jini, ƙaninsa zai tsaya a wuri kaza. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. Ba ta nemi bango ko allo ba, ni ta kalla.

"Ke, gaya masa. Ni ba zan iya ba."

Ta ja jakarta ta je ta zauna a wata kujera mai fuskantar gilashi, ta ba mu baya.

Na gaya masa a tsaye, mutane suna ratsa mu da akwatuna. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya kalli bayan mahaifiyarsa, ya yi taku biyu wajenta ya tsaya. Sai ya ce, "Bari in ga maganar tikiti," don abin da ya iya ke nan. Na hango shi a layi yana ta share hanci da bayan hannu, da ya dawo ya ce sanyin wurin ne ya yi yawa. Ya durƙusa a gefen kujerarta, a gaban duk jama'ar nan, ya ce an samu wuri a jirginmu. Ta ce Allah ya yi albarka. Ba su ƙara ko kalma ba, kuma a wurinsu wannan doguwar hira ce.

Mako bai cika ba muka kai ta wani asibitin mata a kusa da Annandale. Muna zaune a ɗakin jira mu uku, a jere, kowa yana kallon gabansa. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira ta, ta ce mutum ɗaya zai iya shiga tare da ita. Maigidan ya miƙe yana gyara riga, a ganinsa shi ne ɗa, shi ne mai inshora. Hajiya ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna.

"Wannan za ta shiga," ta ce, ta nuna ni da haɓa. "Ta riga ta ga komai. Ni ma na ga nata, ba mai yi wa wani gori."

Maigidan ya dube ni yana neman bayani, na ce masa maganar mata ce. Muka bi ma'aikaciyar ta wani dogon lungu mai sanyi. Muna kaiwa tsakiya na ji an kama min hannu. Tafin nata ya yi sanyi ƙalau, kuma fuskarta tana kallon gaba kamar ba ita ta kama ba. Na riƙe shi da kyau, muka shiga.